Ba a yi musu hit ko ɗaya ba, amma an ce ba no-hita ba ne: ina ƙa'idar take?

Sabon_Ɗan_Kallo

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bin besbol. Ina son a warware mini wani abu da ya ɗaure mini kai. Ranar 15 ga Mayu, 2022, Cincinnati Reds sun je gidan Pittsburgh Pirates. Hunter Greene na Reds ya yi jifa har cikin zango na takwas, Art Warren ya karɓe shi, kuma tun daga farkon wasa har aka tashi babu ɗan Pirates ko guda da ya samu hit, wato bugun da ke kai mai bugu tasha lafiya ba don kuskuren mai tsaron fili ba. Duk da haka Pirates ne suka ci, 1 da 0, kuma wasan ba ya cikin jerin no-hita, wato wasannin da aka hana ƙungiya hit, na MLB, babbar gasar besbol ta Amurka. Haka na Madison Bumgarner na 2021, shi da ya ma yi nasara, shi kaɗai ya yi jifan daga farko har ƙarshe, amma nasa ma ba ya ciki.

To me ya hana? Faɗuwar da Reds suka yi ce, ko don mutum biyu ne suka yi jifan? In haka ne, shi Bumgarner fa? Sannan ta yaya ake cin ƙungiya alhali ba a yi mata hit ba? Kuma wane ne yake da ikon cewa wannan bugu hit ne, wancan kuskuren mai tsaron fili ne? Don Allah a yi mini dalla-dalla.

Mai_Alƙalami

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba faɗuwar ba ce, ba kuma yawan masu jifan ba. Zango na tara ne babu.

Ƙa'idar da ake aiki da ita yanzu an kafa ta ne a watan Satumba na 1991, lokacin da kwamitin tantance alƙaluman wasa ya zauna ƙarƙashin kwamishinan besbol na wancan zamani, Fay Vincent. Abin da suka tsayar shi ne, ba a kiran wasa no-hita a hukumance sai mai jifa, ko masu jifa na ƙungiya ɗaya, sun hana hit a duk tsawon wasan, kuma wasan ya kai aƙalla zango tara. Ka ga sharuɗɗa biyu ke nan a haɗe: a kai tara, kuma a riƙe har wasa ya ƙare komai tsawonsa. Da wannan hukunci aka goge wasanni kusan 50 daga jerin.

Yanzu ɗora wasan Greene a kan sharaɗi na farko. Kowane zango rabi biyu ne: baƙi su fara bugu, masu gida su rufe. Idan aka gama rabin farko na zango na tara masu gida suna gaba, ba sa fitowa bugu, don babu abin da za su nema. Reds baƙi ne a ranar. Pirates sun ci ɗaya a zango na takwas, Reds suka kasa ramawa a na tara, aka tashi. Saboda haka masu jifan Reds zango takwas kawai suka yi, mutum 24 suka fitar maimakon 27, tunda uku ake fitarwa a kowane zango. Ba a ba su damar na tara ba, kuma ƙa'ida ba ta duba dalili.

Hujjar cewa faɗuwa ba ta hana ita ce wasan Ken Johnson na Houston, ranar 23 ga Afrilu, 1964. Reds ne suka ci shi 1 da 0, amma a gida yake, don haka ya yi jifan zango tara cif, kuma sunansa yana cikin jerin har gobe. Haka Steve Barber da Stu Miller na Baltimore Orioles a 1967: su biyu ne, Detroit ta ci su 2 da 1, amma a gidansu aka yi, an kai tara, an lissafa. Wannan ya amsa maka batun mutum biyu ma. Ga kuma wasu baƙi da suka faɗa ramin da Greene ya faɗa: Andy Hawkins na Yankees a Chicago ranar 1 ga Yuli, 1990, Matt Young na Red Sox a Cleveland a 1992, sai Jered Weaver da José Arredondo na Angels a gidan Dodgers a 2008.

Na Bumgarner wata ƙofar ce daban ta wannan sharaɗin. A kakar 2020 da 2021, saboda annobar korona, idan za a yi wasa biyu a rana ɗaya kowanne zango bakwai ake yi. Ranar 25 ga Afrilu, 2021, Arizona ta ci Atlanta Braves 7 da 0 a irin wannan wasa, Bumgarner ya gama bakwai ɗinsa ba hit. An rubuta masa cikakken wasan da ya yi shi kaɗai ba a ci shi ba, amma ba a rubuta no-hita ba, don bakwai ba tara ba ne. Ruwan sama ma haka yake yi. Wasa yana zama halastacce in an kai zango biyar, ko huɗu da rabi in masu gida ne a gaba, to in ruwa ya tsayar da shi a nan sakamakon yana nan, amma no-hita babu. Devern Hansack na Red Sox ya yi zango biyar ba hit a ranar ƙarshe ta kakar 2006, ruwa ya kore su, shi ke nan.

Sai yadda ake ci ba tare da hit ba. Mai bugu yana iya isa tasha ta ɗaya ta hanyoyi da dama waɗanda ba hit ba: a ba shi tasha kyauta bayan jifa huɗu sun fita daga da'irar sitiraik, ko ƙwallo ta same shi a jiki, ko mai tsaron fili ya yi kuskure, ko mai cafka ya taɓa kulkinsa da safar hannu yayin da yake kai bugu, ko kuma ya rasa sitiraik na uku amma ƙwallon ta kuɓuce wa mai cafka shi kuma ya riga ta isa tasha. Da zarar yana kan tasha, zai iya satar ta gaba, ɓataccen jifa zai iya matsar da shi, abokinsa zai iya ɗaga ƙwallo can nesa a cafke shi kuma ya ruga gida. A wasan Greene, shi ya ba mutum biyu tasha kyauta a zango na takwas, jifansa ya kai 118, aka cire shi. Warren ya ba na uku, tashoshi suka cika. Ke'Bryan Hayes ya buga ƙwallo a ƙasa, Reds suka fitar da mai gudu a tasha ta biyu, suka jefa ta ɗaya don su haɗa biyu, Hayes ya riga ƙwallon isa. Wanda ke tasha ta uku ya shigo gida. Ci ɗaya ke nan, kuma ba a rubuta wa Hayes hit ba tunda bugunsa ya jawo fitar abokinsa.

Zango_Tara

Malam Mai_Alƙalami ya gama da sharaɗi na farko. Bari in ɗauki na biyun, don shi ne ya fi cin manyan wasanni, kuma shi mutane suka fi mantawa. Kai wa zango tara ba hit ba ya wadatarwa idan wasa bai ƙare a tara ba. In kunnen doki ake yi aka shiga ƙarin zango, hit ɗaya a na goma ko na goma sha uku ya rushe komai.

Babban misali Harvey Haddix ne na Pirates, ranar 26 ga Mayu, 1959, a gidan Milwaukee Braves. Zango 12 ya yi, mutum 36 a jere, babu wanda ya taka tasha ta ɗaya. Abokansa kuma sun yi ta samun hit a hannun Lew Burdette amma sun kasa cin ko ɗaya. A zango na 13 Félix Mantilla ya isa tasha saboda jifan Don Hoak bai yi kyau ba, Eddie Mathews ya sadaukar da kansa ya matsar da shi, aka ba Hank Aaron tasha da gangan, sai Joe Adcock ya fitar da ƙwallo bayan katanga. A ruɗanin murna Adcock ya wuce Aaron a kan hanya, aka mayar da bugun na tasha biyu, sakamako ya tsaya 1 da 0. Kafin 1991 ana ambaton Haddix a jerin, bayan hukuncin aka cire shi. Pedro Martínez ma, yana Montreal Expos, ya fitar da mutum 27 a jere a San Diego ranar 3 ga Yuni, 1995, amma babu ci ko ta ina. Expos suka ci ɗaya a farkon na goma, Bip Roberts ya buɗe rabin ƙarshe da bugun tasha biyu. Martínez ya samu nasara, bai samu no-hita ba. Rich Hill na Dodgers kuwa a 2017 ko nasarar bai samu ba: tara ba hit, a na goma Josh Harrison ya tsallakar da ƙwallo katanga aka tashi.

Jim Maloney na Reds ya ɗanɗana gefe biyun a shekara ɗaya, 1965. A watan Yuni ya yi zango goma ba hit a kan Mets, a na sha ɗaya Johnny Lewis ya fasa. A watan Agusta ya sake yin goma a kan Cubs, wannan karon abokansa suka ci masa ɗaya, ya rufe, aka rubuta. A wannan wasa na biyu mutum goma ya ba tasha kyauta, wanda ke nuna maka ƙa'idar ba ta tambayar tsabtar jifa. Edwin Jackson ya ba takwas a 2010, jifa 149 ya yi, kuma nasa halastacce ne kamar na kowa.

Wani abin da ya kamata a lura da shi: mai jifan gida da ya gama rabin farko na zango na tara ba hit, alhali babu wanda ya ci, bai gama ba tukuna, sai abin da abokansa suka yi. Henderson Álvarez na Marlins, ranar ƙarshe ta kakar 2013, yana tsaye da kulki a hannu yana jiran layinsa na bugu lokacin da mai jifan Detroit ya yi ɓataccen jifa, Giancarlo Stanton ya shigo gida. Da ba su ci a nan ba, da sai ya koma na goma ko a ba wani.

Game da haɗin gwiwa, babu iyaka ga yawan masu jifa. Houston Astros sun yi da mutum shida a kan Yankees a 2003, bayan Roy Oswalt ya ji ciwo tun farkon wasa. A wasa na huɗu na gasar ƙarshe ta 2022, wato World Series, Cristian Javier da wasu uku suka yi wa Phillies. Ana rubuta shi da sunan ƙungiya da duk waɗanda suka yi jifan, amma ba ya shiga lissafin kowannensu a matsayin nasa na kansa. Shi ya sa bakwai ɗin Nolan Ryan suke da nauyi, duka shi kaɗai ya yi su. Wasan 23 ga Yuni, 1917 ma nan ya koma. Babe Ruth ne ya fara jifa wa Red Sox, ya ba mutum na farko tasha kyauta, ya yi faɗa da alƙalin wasa aka kore shi. Ernie Shore ya shigo, aka kama mai gudun yana satar tasha, Shore ya fitar da 26 da suka rage a jere. Shekaru da yawa ana ɗaukarsa wasa marar aibi na Shore, yau kuwa no-hita ne na mutum biyu.

Sannan tun 2020, a wasannin kaka, kowane ƙarin zango ana fara shi da mai gudu a tasha ta biyu. Wannan mutumin ba hit ne ya kai shi can ba, don haka bai taɓa no-hita ba, ko da ya zagayo ya ci. A wasannin share fagen gasar ƙarshe da ita kanta gasar ba a sa shi.

Malama_Lissafi

Ƙanena, tambayarka ta ƙarshe ita ce ta fi muhimmanci a wurina, domin duk abin da malaman nan biyu suka faɗa yana tsaye ne a kan kalma ɗaya, hit, kuma mutum ne yake yanke ta.

Hukunci biyu ne a kowane bugu, na mutum biyu daban. Alƙalin wasa da ke cikin fili shi ke cewa ƙwallo ta faɗa ciki ko waje, kuma mai gudu ya isa lafiya ko an fitar da shi. In ya ce ya isa lafiya, sai magatakardan wasa, wanda MLB ke naɗawa kuma yake zaune a ɗakin 'yan jarida, ya ce ta wace hanya ya isa: hit, kuskure, ko zaɓin mai tsaron fili, wato mai tsaron ya zaɓi fitar da wani mai gudu maimakon mai bugu. Alƙali ba ya shiga aikin magatakarda, shi ma ba ya shiga nasa.

Ma'aunin magatakarda shi ne ƙoƙari na al'ada, wato abin da matsakaicin ɗan wasa na wannan matsayi a wannan gasa zai yi, in aka yi la'akari da yanayin fili da na sama. In ƙwallo ta zo wa mai tsaro yadda da ƙoƙari na al'ada zai fitar da mai bugu, sai ya sake ta, ko ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, ko ya jefa ta inda abokinsa ba zai kama ba, kuskure ne. In ta zo da ƙarfin da ba zai iya sarrafa ta ba, ko ta daki dutse ko gefen tasha ta yi tsalle na ba-zata, ko ta yi ta gangarawa a hankali har mai bugu ya isa kafin a ɗauka, hit ne, ko da ta taɓa safar hannunsa. Taɓa ƙwallo ba shi ne kuskure ba, kuma rashin taɓa ta ba ya wanke mutum. Littafin dokoki ya ce inda aka yi shakka a ba mai bugu, musamman in mai tsaron ya yi bajinta ne ta kai shi ga ƙwallon amma bai samu fitarwa ba. Akwai wata al'ada da ake yawan faɗa, wai hit na farko ya kamata ya zama tsararre wanda babu gardama a kansa. Wannan ba ta cikin doka, kuma in aka bi ta ana zaluntar mai bugu da mai tsaron da za a ɗora wa kuskuren da bai yi ba.

Ga wasu wurare da suke ruɗa masu kallo. Mai bugu ya aika ƙwallo ta sauka a ciyawar waje sarai, amma wanda ke tasha ta ɗaya ya yi jinkirin tashi don yana tsammanin za a cafke, aka jefa ta biyu aka fitar da shi: babu hit, no-hita yana nan. Kishiyar wannan kuma, ƙwallo ta taso a ƙasa, kafin wani mai tsaro ya taɓa ta sai ta daki mai gudu: an fitar da mai gudun, amma ana rubuta wa mai bugu hit, no-hita ya tafi, ko da kowa ya ga cewa ƙwallon hannun mai tsaro ta nufa. Sai kuskuren tunani, kamar mai tsaro ya riƙe ƙwallo yana waige-waige bai san inda zai jefa ba, ko wanda ya kamata ya rufe tasha ta ɗaya ya makara: galibi ba a rubuta shi kuskure, hit yake zama.

Mafi rikici ita ce ƙwallon da ta tashi sama ta faɗi tsakanin masu tsaro biyu, kowa ya bar wa ɗan'uwansa. Ranar 9 ga Mayu, 2014, Yu Darvish na Texas Rangers yana zango na bakwai ba a taɓa shi ba, David Ortiz ya ɗaga irin wannan, ta faɗi tsakanin Rougned Odor da Alex Ríos. Magatakarda ya ce kuskuren Ríos ne. Darvish ya ci gaba har saura mutum ɗaya a na tara, Ortiz ɗin dai ya samu hit na gaske. Bayan 'yan kwanaki MLB ta mayar da na zango na bakwai ma hit. Da Ortiz bai samu na biyun ba, da an shiga babbar matsala.

Wato ana iya sauya hukunci bayan wasa. Magatakarda yana da awa 24 ya gyara nasa, ƙungiya ko ɗan wasa kuma suna da awa 72 su kai ƙara ofishin MLB. Mets sun gwada haka a 2012, da R.A. Dickey ya ba Tampa Bay hit ɗaya tak, ƙwallon da David Wright ya so ɗauka da hannu tsirara ta kuɓuce masa. Sun nemi a mayar da ita kuskure, aka ƙi. A 1952 kuwa gyaran ya zo wa Virgil Trucks na Detroit da alheri: bugun Phil Rizzuto a zango na uku an fara cewa kuskuren Johnny Pesky ne, aka mayar hit, sannan magatakarda ya tuntuɓi Pesky ana cikin wasa ya sake mayar da shi kuskure, Trucks kuma ya ƙarasa no-hita ɗinsa na biyu a shekarar.

Hukuncin alƙali shi ne ba ya gyaruwa bayan an tashi. Armando Galarraga na Detroit, ranar 2 ga Yuni, 2010, ya fitar da 26, na 27 Jason Donald ya buga a ƙasa, ƙwallo ta riga shi isa tasha, alƙali Jim Joyce ya ce ya isa lafiya. Babu wanda ya yi kuskure cikin masu tsaro, don haka magatakarda ba shi da abin rubutawa sai hit. Joyce ya amsa laifinsa a ranar, amma littafi bai sauya ba. Bayan shekara biyu kuskuren alƙali ya faɗa ta ɗaya gefen: bugun Carlos Beltrán ya tayar da farar ƙurar layi, alamar ta faɗa ciki, aka ce waje ne, Johan Santana ya ƙarasa no-hita na farko a tarihin Mets. Tun 2014 da aka faɗaɗa duba bidiyo, irin na Galarraga ana gyara shi nan take.

Sabon_Ɗan_Kallo

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Yaya Malama_Lissafi, wannan na ƙwallon da ta daki mai gudu ban taɓa saninsa ba. Saura abu ɗaya: an ambaci wasa marar aibi a zancen Shore. Mene ne ainihin iyakar da ta raba shi da no-hita?

Tsohon_Kulki

Ɗana, iyakar ita ce tasha ta ɗaya. Sharuɗɗan tara da na kaiwa ƙarshe duk suna nan, sai a ƙara cewa babu mai bugun da zai isa tasha ta kowace hanya. Duk wasa marar aibi no-hita ne, amma ba a juyawa. Guda 24 ne a tarihin MLB zuwa na Domingo Germán na Yankees a watan Yuni na 2023. Fuskantar mutum 27 kawai ba ya isa. John Means na Orioles, ranar 5 ga Mayu, 2021, bai ba kowa tasha kyauta ba, bai daki kowa ba, babu kuskure a bayansa. Amma a zango na uku Sam Haggerty ya rasa sitiraik na uku, ƙwallon ta daki ƙasa ta wuce mai cafka, ya isa tasha. Nan take aka kama shi yana satar ta biyu, lissafi ya koma 27, amma ya riga ya taka tashar. Max Scherzer a 2015 saura sitiraik ɗaya ya rage masa ƙwallo ta taɓa gwiwar hannun José Tábata.

Tunda na shigo, bari in faɗi ra'ayina a kan ƙa'idar kanta. Sharaɗin kaiwa ƙarshen wasa na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Haddix ya yi abin da ba a taɓa yi ba, amma an yi masa hit a wasan, kuma ba za a kira wasan da aka yi hit a cikinsa wasan da babu hit ba. Na ruwan sama ma na yarda, domin mutum 15 ba 27 ba ne, kuma wahalar tana zango uku na ƙarshe, lokacin da hannu ya gaji kuma masu bugu suna ganin mai jifa karo na uku.

Inda ban yarda ba shi ne baƙon da ya yi takwas. Ku dubi Hawkins. Ya fitar da biyu a zango na takwas, mai tsaron tasha ta uku ya ɓata ƙwallon Sammy Sosa, shi kuma ya ba biyu tasha kyauta, sai Robin Ventura ya ɗaga ƙwallo Jim Leyritz ya sake ta cikin iska, uku suka shigo, Jesse Barfield ma rana ta kashe masa ido ya saki ta gaba. 4 da 0. Wasan nan ba gajarta shi aka yi ba, an buga shi har inda doka ta ce a tsaya. Johnson ya faɗi ta hanyar kuskure shi ma, har da nasa na kansa a kan ɗan taɓin da Pete Rose ya yi. Abin da ya raba su kawai wane ne a gida. Kuma Hawkins an ba shi a 1990, aka karɓe a 1991.

Mai_Alƙalami

Baba, na ji hujjarka, kuma zancen karɓe abin da aka riga aka bayar yana da ciwo. Amma ba gida da waje ne kaɗai ya raba su ba, mutum uku ne. Johnson ya fitar da 27, Hawkins 24, kuma ukun nan na ƙarshe su ne inda aka fi yin asara. Dave Stieb na Toronto ya kai saura mutum ɗaya a wasa biyu a jere a watan Satumba na 1988, duka biyun aka fasa masa, aka sake yi masa haka a 1989, sai a 1990 ya samu. In aka ba wanda bai fuskanci zango na tara ba, an daidaita shi da wanda ya tsallake wannan siraɗin. Kuma wasannin takwas ɗin ba a jefar da su ba, Elias Sports Bureau, masu riƙe da alƙaluman MLB, da littattafan tarihi suna ajiye su a jeri na daban tare da na ruwan sama da na zango bakwai.

Sai dai a tuna cewa wannan duk ƙa'idar MLB ce. A ƙananan gasanni na Amurka, inda wasa biyu a rana ɗaya zango bakwai-bakwai ne tun da daɗewa, ana lissafa na bakwai. A Japan kuma sun ƙara sharaɗin da MLB ba ta da shi, cewa kada a ci mai jifan ko ɗaya, don haka irin na Johnson, ko na Ervin Santana da ya ci Cleveland 3 da 1 a 2011, ba za su shiga babban jerinsu ba.